Asusun Taimako a Shekarun Matsi: Darasi daga Tarihin Minna

A ranar Litinin 5 ga Fabrairu, 2024, mata da matasa suka tare hanyar Minna zuwa Bida a shataletalen Kpakungu suna kukan yunwa da tsadar abinci. Labarin ya zaga ƙasa, domin yana cikin zanga-zangar farko da aka gani bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira. Abin da bai cika shiga labarai ba shi ne halin da masu taimakon waɗannan mata suke ciki a lokacin. Kwamitocin masallatai, majami'u, ƙungiyoyin mata, gidajen marayu da makarantun Islamiyya su ma aljihunsu ya yi sanyi. Haka matsin tattalin arziki yake yi wa ƙungiyar taimako: mai bayarwa ya ja hannu, kayan da za a saya su ƙara kuɗi, masu sallama a bakin ƙofa kuma su ninka, duk a wata guda. Wannan ba shi ne karo na farko da Minna ta ga irin haka ba, kuma wanda ya bi tarihinta zai lura da abu ɗaya da yake ta maimaituwa. Girman kuɗin da ƙungiya ta taɓa samu bai taɓa cetonta a shekarar tsanani ba. Abin da yake cetonta shi ne inda kuɗin yake fitowa: yawan ƙananan masu bayarwa, aikin sa-kai na membobi, da kadarar da take kawo wani abu ko an ba da sadaka ko ba a bayar ba.

Minna asalinta garin Gbagyi ne a kan tudu, jirgin ƙasa ne ya buɗe ta ga duniya. Layin dogon da ya tashi daga Baro a bakin kogin Kwara ya bi ta nan ya isa Kano a 1911, a nan kuma ya haɗu da layin da ya taso daga Legas. Ma'aikatan reluwe, leburori, fatake da malamai suka yi ta sauka, Hausawa da Nupawa da Yarbawa da Igbo, kowa ya baro danginsa a nesa. Baƙon da ba shi da dangi a kusa dole ya ƙirƙiri madadinsu, shi ya sa taimakon farko da garin ya sani ya fito daga ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, adashi, karo-karon biki da na jana'iza, kuɗin Laraba da ake kai wa malamin zaure, da zakkar hatsi bayan girbi. Kuɗi ne ƙanana, amma ba sa yankewa, domin mai bayarwa yau shi ne mai karɓa gobe. A gefe guda kuma akwai taimakon 'yan mishan, makarantu da wuraren shan magani irin asibitin masu cutar kuturta na Chanchaga, waɗanda kuɗinsu ke zuwa daga majami'un ƙetare. Tun daga tushe ke nan garin ya san hanyoyi biyu: ƙaramin kuɗi na cikin gida mai ɗorewa, da babban kuɗi na waje wanda ba a nan ake yanke shawarar zuwansa ko tsayawarsa ba.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanki Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, Minna ta zama babban birni. Lokacin yalwar kuɗin mai ne, ƙarin albashin Udoji na 1974 bai daɗe da shiga aljihu ba, kwangila kuma tana neman mai yi. A wannan shekarar Sheikh Ahmed Lemu ya dawo jiharsa, inda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalai har zuwa 1991, matarsa Hajiya Aisha Lemu kuma ta shugabanci Kwalejin Horar da Malamai Mata ta Minna. Cibiyar Islamic Education Trust, wadda su biyu da Alhaji Sani Ashafa Suleiman suka kafa a Sakkwato a 1969, ta mayar da hedkwatarta Minna. A shekarun nan ne al'adar ƙaddamar da asusu ta yi ƙarfi a biranen Arewa. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru, a gayyato babban mai ƙaddamarwa, mai gabatarwa ya riƙa shelanta abin da kowane babba ya yi alkawari, jama'a na kabbara ko tafi. Washegari ma'aji ya ɗauki littafinsa ya fara zarya tsakanin ofisoshi da gidajen manya yana bin alkawari. Muddin akwai yalwa, zaryar takan yi amfani, kuma masallatai da ajujuwa da yawa da wannan hanyar aka gina su. Sai dai ta koya wa ƙungiyoyi ɗabi'ar jiran mutum biyar su ɗauki nauyin mutum dubu biyar.

Daga 1981 farashin mai ya fara sauka. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, jihohi da dama suka kasa biyan albashi a kan kari, gwamnatin soja da ta biyo baya kuma ta rage ma'aikata. A 1986 gangar mai ta faɗo ƙasa da Dala 15, kuma a shekarar ne Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, ya shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP. Alƙaluman canji kaɗai sun isa su nuna abin da ya sami asusun ƙungiyoyi. A 1985 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja a farashin gwamnati, a 1987 sai an ba da kimanin Naira 4 a sami Dala ɗaya, a 1993 kuwa kusan Naira 22. Takardar buga littafi, magani, kayan gyaran mota, duk da kuɗin waje ake shigo da su. Nan ne raunin gari irin Minna ya fito fili. Ma'aikacin gwamnati, ɗan kwangila, ɗan kasuwar da ma'aikata ke saye a wurinsa, da ma'aikatar da take ba da ɗan tallafi a ƙarshen shekara, dukkansu daga kason da jiha ke karɓa a asusun tarayya suke sha. Ƙungiyar da take ganin tana da masu bayarwa goma, in aka bi diddigi, mai bayarwa ɗaya gare ta, wato farashin ɗanyen mai. Da ya faɗi, goman suka ja hannu tare.

A tsakiyar wannan tsanani, a watan Oktoban 1985, aka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Najeriya, FOMWAN, a Minna, aka zaɓi Hajiya Aisha Lemu Amirarta ta farko. Wanda ya dubi lokacin zai ce ba a zaɓi shekara mai kyau ba, amma ga shi ƙungiyar ta kai shekara arba'in, tana da rassa a faɗin ƙasa, da makarantu da ƙananan asibitoci da ajujuwan yaƙi da jahilci na matan aure, har matan Ghana da Saliyo da wasu ƙasashe suka kafa irinta. Sirrin yana cikin ginin. Tarayya ce ta ƙungiyoyin da suke da rai tun kafin a haɗa su, kowane reshe yana tara kuɗin membobinsa, kuma malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da take ba da yammacinta kyauta ta ba da abin da faɗuwar Naira ba ta iya rage masa daraja. A kwatanta da shirin Better Life na matan karkara, wanda Hajiya Maryam Babangida, matar Janar Babangida, ta ƙaddamar a 1987. Ya fi FOMWAN kuɗi nesa ba kusa ba, ya kuma yi aikin da matan karkara da yawa suka amfana da shi, amma rayuwarsa a ɗaure take da kujerar mulki. Da gwamnati ta canja a 1993, sai wani shiri mai sabon suna ya maye gurbinsa. Kyakkyawar niyya ba ta yi ƙaranci a ko ɗaya daga cikinsu ba, bambancin yana wajen mai riƙe da igiyar asusu.

Ita kuwa Islamic Education Trust wata hanya ta bi. Ta rubuta ta kuma buga littattafan koyar da addinin Musulunci da makarantun sakandare ke saye, ta kafa makarantu masu karɓar kuɗin makaranta irin Kwalejin New Horizons a Minna a shekarun 1990 da makarantar Sunrise a Abuja, ta kuma gina sashen horar da masu da'awa wanda sunansa ya wuce iyakar Najeriya. Littafin da ake saye da makarantar da iyaye ke biya ayyuka ne da suke iya ɗaukar nauyin kansu, ba sai an jira ranar ƙaddamar da asusu ba. Jarrabawa mafi tsanani ga kowace ƙungiya a ƙasar nan ita ce rasuwar wanda ya kafa ta, domin sau da yawa darajarsa ce ake bai wa kuɗi. Hajiya Aisha ta rasu a Janairun 2019, Sheikh Lemu, wanda ya karɓi lambar Sarki Faisal ta hidimar Musulunci a 2014, ya rasu a Disambar 2020, shekarar da annobar korona ta durƙusar da tattalin arziki. Cibiyar ta ci gaba da aiki bayansu. Ƙungiyoyi nawa aka sani da ƙofarsu ta rufu kafin a yi addu'ar arba'in ta mai gidansu?

Faɗuwar Naira tana zuwa da wani jan hankali da ya kamata a fahimta. Duk lokacin da Naira ta karye, Dalar mai taimako daga waje takan yi kama da dukiya mai yawa, shi ya sa shekarun SAP da na mulkin Janar Abacha, lokacin da ƙasashen Yamma suka ƙaurace wa gwamnati suka koma bai wa ƙungiyoyi masu zaman kansu, suka haifi ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa da aka gina domin rubuta takardar neman tallafi. Irin wannan kuɗi yana da sharuɗɗansa. Na aiki ne takamaimai, na shekara biyu ko uku, ba kasafai yake biyan haya ko albashin mai gadi bayan wa'adi ba, kuma mai bayarwa ne yake zaɓar matsalar da za a magance. Yana kuma iya tsayawa saboda dalilin da bai shafi unguwannin Minna irin Bosso ko Tunga ba ko kaɗan. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, aka tsaurara sa ido kan kuɗin ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa, har Saudiyya ta rushe gidauniyar Al-Haramain a 2004. Ranar 20 ga Janairu, 2025, Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon Amurka ga ƙasashen waje, a tsakiyar shekarar kuma aka rufe hukumar agajin ƙasar, USAID. Kafin nan Najeriya tana samun kimanin Dala biliyan ɗaya a shekara daga Amurka, mafi yawa a fannin lafiya da agaji. Ma'aikatan da suka yi shekaru suna aiki suka wayi gari da takardar dakatarwa, ba don sun yi laifi ba.

Wannan ya faɗo ne a kan ƙungiyoyin da tuni suke nishi. A watan Mayun 2023 litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati, cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta kai kusan dubu. Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a 2024. A ɗauki littafin ma'ajin kwamitin marayu na kowace unguwa. Shafin shiga bai canja ba, mai ba da dubu biyar a wata har yanzu dubu biyar ɗin yake bayarwa, in ma bai nemi a yi masa uzuri ba. Shafin fita kuwa buhun shinkafa ya fi ninki biyu, kuɗin kai yara asibiti a Keke Napep ya ninka, kayan Sallah sai an rage yadi. Ga kuma sababbin sunaye, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Shiroro da Munya da Rafi, ga ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 da ta hallaka sama da mutum 150. Shi mai bayarwar ma a duba shi. Mafi ƙarancin albashi a 1981 Naira 125 ne, wanda ya haura Dala 200 a lokacin. Na 2024 Naira 70,000 ne, bai kai Dala 50 ba. Ma'aikacin da kakansa yake iya ɗaukar nauyin almajiri biyu, yau shi ma yana cikin masu neman a tallafa musu.

A nan mai musu zai ce, to ai maganar ta rushe kanta: in talaka ya talauce haka, yaya za a ce ƙungiya ta dogara da ƙananan masu bayarwa? Tambayar tana da nauyi, amma ta manta yadda ake raba haɗari. Attajiri ɗaya in kasuwarsa ta tsaya, gudummawarsa takan tsaya gaba ɗaya. Mutum dubu kuwa ba sa talaucewa rana ɗaya ko ta hanya ɗaya, shekarar da ma'aikaci ke kuka da tsadar doya ita ce shekarar da manomin doya ya ga kuɗi. Akwai kuma bayarwar da ba ta bukatar taɓa aljihu. Ƙungiyar Izala ta daɗe tana tara fatun layya. Ranar Babbar Sallah 'yan agaji su bi gida-gida, a tattara fatun, a zuba musu gishiri kada su lalace, a sayar, a sanar da abin da kowace jiha ta tara. Fatar da mai gida zai iya yarwa ita ce take zama bulo da kwanon rufi. Farashin fata shi ma yana hawa yana sauka, gaskiya ne, amma hawansa da saukarsa ba su bin kason asusun tarayya. Abin nema ke nan: hanyoyin shiga da ba sa bushewa a lokaci guda.

Musu na biyu ya fi zafi. Ana cewa ƙungiyar da ta shiga gina shaguna da makarantun kuɗi ta zama 'yar kasuwa, kuma ɗan talakan da aka kafa ta dominsa ba zai iya shiga makarantar ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma an ga inda ya faru. Maganinsa shi ne a rubuta tun farko kason da zai tafi ga marasa hali, a kuma bayyana shi a fili kowace shekara. Musulunci ya riga ya tsara wannan a babin wakafi, tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibar da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa jama'ar Madina: asalin dukiya ya tsaya, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta ya gudana. Da wakafi jami'ar Azhar ta Masar ta rayu ɗaruruwan shekaru, kuma tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa wa ɗalibansu masauki a Alƙahira. A zamanin hauhawar farashi hikimar ta ƙara fitowa, domin kuɗin da aka ajiye a banki yana narkewa, shago a kusa da Kasuwar Kure ta Minna ko gonar shinkafa kuwa darajarsu tana bin farashi. Sai dai wakafin da ba shi da takarda rigima ce ake tara wa magada. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, don haka dole a sami takardar mallaka da sunan amintattun ƙungiya masu rajista, a kuma kawo mai binciken kuɗi daga waje. Rashin amana ya kashe ƙungiyoyi fiye da yadda talauci ya kashe, kuma a shekarar matsi mutum ba ya ba da Nairarsa sai inda ya ga lissafi.

Musu na uku shi ne cewa akwai ayyukan da karo-karo ba zai taɓa ɗauka ba. Maganin masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV, rigakafin shan inna, ƙafafun roba irin waɗanda ƙungiyar The Leprosy Mission take ƙerawa a Chanchaga, ba fatar layya ce za ta biya su ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a mayar da taimakon waje. FOMWAN kanta ta yi aiki da hukumomin duniya a kan rigakafi da lafiyar mata. Abin lura shi ne ta riga ta tsaya da ƙafarta kafin su zo, shi ya sa ƙarewar wani shiri ba ta zama ƙarewarta ba. Kuɗin waje ya dace da faɗaɗa aiki, amma haya da albashin ma'aikata na dindindin da abincin marayu su fito daga cikin gida. Manyan ayyukan lafiya kuma asalinsu nauyin gwamnati ne, ƙungiyoyi na da haƙƙin matsa mata ta ɗauka. Jihohi irin su Zamfara da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da wakafi, abin a yaba, amma tarihin Masar, inda gwamnati ta karɓe ragamar wakafi a shekarun 1950, yana nuna cewa aikin hukuma ya fi kyau ya tsaya ga rajista da kariya da sa ido, ta bar dukiyar a hannun amintattu.

Matsi ya zo a 1982 da 1986, ya dawo a 2016 da 2020 da 2023, kuma muddin arzikin jiha yana rataye da farashin da ake yankewa a wata nahiya, zai sake dawowa. Kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne kashe duk abin da aka samu a shekarar yalwa a kan sabon gini da sabuwar mota, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace ƙungiyar taimako a Minna, ta masallaci ce ko ta majami'a ko ta unguwa, ya kamata ta sa tambaya ɗaya a gaban taronta na shekara: in mai ba mu mafi yawa ya daina gobe, wata nawa za mu iya ci gaba da ciyar da waɗanda ke hannunmu? In amsar ba ta kai wata shida ba, aikin da ke gabanta a bana shi ne ƙara yawan membobi masu biya, manna lissafinta a bango kowa ya gani, da ware wani kaso na duk abin da ya shigo domin sayen kadarar da za ta zama wakafi. Marayun da aka ɗauki nauyinsu ba su da wata ƙofa ta biyu, kuma haƙƙinsu ne a gina asusun da zai iya jure mummunar shekara.